Yadda ake ɗaukar hoton mazantaka da tashin hankali a Sudan

Ka ɗaga kyamara a gaban saurayin da ke rataye da bindiga, ka ga abin da zai faru cikin daƙiƙa biyu. Zai gyara tsayuwa, ya turo ƙirji, ya murtuke fuska, ya ɗaga bakin bindigar sama. Kafin ka iso wataƙila hamma yake yi, ko yana lissafin abin da zai tura wa mahaifiyarsa ta manhajar banki ta Bankak. Wannan hoton da ya shirya maka shi ne mafi arha a Sudan tun da yaƙi tsakanin soja da dakarun RSF ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, domin duk mai waya ya ɗauki irinsa. Wanda yake son ya mai da hoton dokumentari sana'a, wato bin rayuwar mutane da kyamara wata da watanni, aikinsa yana cikin awannin da ke gaban wannan tsayuwar da waɗanda ke bayanta. An ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Kyamara kuwa ba ta tauna a rana ɗaya.

Taƙaita fagen aiki

Kalmar mazantaka ba ta shiga hoto. Abin da ke shiga shi ne maza biyar zuwa takwas, a wuri ɗaya, cikin wata shida zuwa shekara. Kafin ka sayi ko batir, rubuta tambayarka a jimla ɗaya. Misali: me ya faru da magidantan da suka rasa gonakinsu a rikicin jihar Nilul Azraƙ (Blue Nile) na 2022, suka koma cin abincin taimako a Sinnar? A watan Yulin shekarar fiye da mutum 100 suka mutu a faɗan da ya taso kan ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a Oktoba kuma aka sake kashe wajen 200 a Wad al-Mahi. An ɗauki hoton gidajen da aka ƙone da zanga-zangar da ta biyo baya. Abin da ba a cika ɗauka ba shi ne mutumin da a da yake ciyar da baki goma sha biyar, yanzu yana zaune ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, tun hantsi har magariba, matarsa ce ke fita sayar da shayi.

Fagage suna da yawa. Akwai mustanfarin, samarin da suka amsa kiran ɗaukar makami. Akwai takwarorinsu da suka zaɓi ludayi, suna girki a takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, suna rabon abinci, wanda shi ma jarumta ce da ke kai mutum kurkuku ko kabari. Akwai kokawar Nuba da kafin yaƙi ake cika filinta duk Juma'a da yamma a Haj Yusuf. Akwai al-butan na Ja'aliyyin, inda saurayi ke tuɓe riga a wajen biki ya tsaya ango ya zuba masa bulalar fatar dorina, ga gangar dalluka na tashi, mata na rangaɗa guɗa, shi kuwa ko ƙifta ido ba a so ya yi. Bahaushe ya san irin wannan daga sharon Fulani da damben mahauta. Zaɓi ɗaya. Mai son ya haɗa dukansu a aikin farko zai ƙare da tarin hotuna marasa dangantaka, kamar kayan 'yar koli.

Idan cikin Hausawa za ka yi aikin, a Mai Wurno ko Gadarif ko unguwannin Damazin, harshe zai buɗe maka ƙofar da baƙo ba zai taɓa samu ba. Amma kusancin yana da nasa tarko. Za a sa ran ka nuna namu a matsayin waɗanda aka zalunta kaɗai, ranar da ka ɗauki ɗan unguwa yana wasa adda ko yana dukan ƙaninsa sai a ce ka ci amana. Ka yanke wa kanka hukunci a kan wannan tun kafin ka fara, kada ka bari sai hoton yana hannunka.

Yana da kyau kuma a san ramin da na gaba suka faɗa. George Rodger ya ɗauki 'yan kokawar Nuba a Kurdufan a 1949, Leni Riefenstahl ta Jamus ta bi sawunsa daga shekarun 1960. Hotunan sun zaga duniya, amma abin da aka fi sukar na Riefenstahl a kai shi ne ta nuna jiki, tsoka da toka da mai, ba ta nuna mutum mai gona da bashi da ra'ayi ba. Duk lokacin da ka ga kana tsugunawa ƙasa don ɗan kokawa ya fito kamar dutse a sararin sama, tambayi kanka ko ka san sunan ƙauyensu.

Izini, da abin da izini bai wanke ba

Ziyara uku ta farko, bar kyamara a jaka. Fara da umda ko shaihun hilla, wato hakimi ko mai unguwa, in a kasuwa ne sarkin fawa ko shugaban ƙungiya, ka sha kofin jabana, ka faɗi ɗan wane ne kai. Magana ta fito fili: "Baba Umda, Allah ya ƙara girma. Hoto nake ɗauka, ba ni da abin rabawa, ba ƙungiyar agaji ce ta aiko ni ba. Zan riƙa zuwa har bayan kaka. Hotunan za su iya fita a intanet, kowa zai gani, har waɗanda ba ku so su gani." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce masu hoto ke haɗiyewa don kada a hana su, kuma ita ce mafi muhimmanci.

Amincewar umda ba ta maye gurbin ta mutumin da ke gaban kyamara. Tambayi kowa shi kaɗai, nesa da abokansa, domin saurayi ba zai ce yana tsoro a gaban sa'o'insa ba. Ka raba tambayar uku: ya yarda a ɗauka, ya yarda fuskarsa ta fito, ya yarda a sa sunansa. Naɗi amsar da murya a waya, daƙiƙa talatin ta isa, ya fi takardar sa hannu da mutane da yawa ke tsoro. Ka sake tambaya kafin wallafawa, saboda gari yana sauya hannu. Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, soja suka karɓe ta a Janairun 2025. Sinja ta tafi a Yunin 2024, ta dawo a Nuwamba. Hoton da ba shi da illa a watan da aka ɗauke shi, mutum yana shan shayi kusa da masu kaki, yana iya zama shaidar da za a kira shi muta'awin, wato ɗan haɗin baki, bayan wata shida, kuma kotuna sun yanke wa mutane hukunci mai tsanani, har na kisa, kan tuhumar haɗa kai da abokan gaba. Saboda haka ko mutum ya ce "ɗauki, ba na tsoron kowa", nauyin yana wuyanka. Wannan maganar ma tana cikin wasan mazantakar da ka zo nazari.

Mutum biyu ba a nuna fuskarsu ko da an ba ka dama. Na farko yaron da bai kai 18 ba da ke riƙe da makami: sa yaro ƙasa da 15 a yaƙi laifin yaƙi ne a dokar Kotun Duniya, kuma hoton zai bi shi har girma. Na biyu fursuna. Sashe na 13 na Yarjejeniyar Janiba ta Uku ya hana a mai da fursunan yaƙi abin kallo, kuma ko ba doka, wanda ke ɗaure ba shi da bakin cewa a'a. In waɗanda suka kama shi ne suka kira ka da fara'a su ce zo ka ɗauka, to farfagandarsu suke so ka yi musu kyauta. Ɗauki hannu, ƙafa, inuwa, takalmin da aka jera a bakin ƙofa.

Takardar hukuma dabam take. Tun kafin yaƙi ana buƙatar izinin ɗaukar hoto a Sudan, kuma gada, barikin soja, filin jirgi da tashar wuta haramtattu ne. Yanzu kowace jiha da nata tsarin tsaro. Nemi izini a rubuce a jihar da za ka yi aiki, ka yi kwafi uku, asalin ya zauna a gida. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kuwa, mance da shi gaba ɗaya.

Kayan aiki

Kyamara ɗaya ƙarama da ido (lens) ɗaya mai 35mm ta isa kashi tara cikin goma na aikin. In akwai hali, ƙara mai 50mm ko 85mm don fuska. Dogon ido fari irin na masu hoton ƙwallo, daga nesa kama yake da makami, yana kuma sa ka tsaya nesa da mutane, abin da ba a so. Rufe sunan kamfanin da baƙin salatif. Waya ma tana aiki: hoton 'yar zanga-zanga Alaa Salah a kan mota da Lana Haroun ta ɗauka a Afrilun 2019 da waya ne, haka hoton angon nan na Umdurman riƙe da bindiga ranar aurensa, wanda Mosab Abushama ya ci kyautar World Press Photo da shi a 2025.

Batir huɗu, fawa-bank mai 20,000mAh, da ƙaramin farantin sola mai naɗewa. Katin memori ƙanana da yawa ya fi babba ɗaya: kati mai 64GB yana cin hoton RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da ba a matse ba, wajen 2,000 a kyamara mai megafiksel 24, in ya ɓace ko aka ƙwace an tafi da aikin sati biyu. Masu 16GB ko 32GB guda shida sun fi. Ƙura ita ce babbar maƙiyiya. Kada ka canja ido a waje, balle in guguwar ƙura ta habub ta taso. Sa kyamarar a leda mai zif, ka hura ta da roba mai hura iska da dare, kada ka goge gilashi da gefen jallabiya, yashi zai karce shi. Kada a bar ta a motar da ke rufe a rana, zafin da ke haura 45 a waje yana ƙaruwa sosai a ciki, batir ya kumbura.

A cikin fili

Matsalar haske ta farko a nan ita ce baƙar fata cikin farar jallabiya da rawani. Kyamara tana ganin farin ta rage haske, fuska ta koma duhu ba ido ba hanci. Auna hasken a kan fuska, ka duba ko farin bai ƙone ba, in ya fara ƙonewa rage kashi ɗaya bisa uku na mataki, sauran ka gyara daga RAW. Tsakanin ƙarfe 11 da 3 rana tana tsaye a ka, ido yana zama rami. Lokacin nan na cikin rakuba ne, inda haske ke shigowa ta gefe.

A kokawa, saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, buɗin ido f/4 zuwa f/5.6, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya riƙa hawa da kansa, domin ana farawa bayan la'asar, kafin a tashi zai iya kaiwa 3200. Zauna ƙasa a bakin da'ira, rana a kafaɗarka ko ta gefe, ƙurar da ƙafafu ke tayarwa za ta kama haske. A al-butan bakin bulala ya fi hannu sauri nesa ba kusa ba, sai 1/2000 ke tsayar da shi. Sai dai bulalar ba ita ce labarin ba. Tsaya ta inda kake ganin fuskar wanda ake duka da matan da ke bayansa a hoto ɗaya. Duba yatsunsa a kan sandar da ya dogara da ita, yadda suke matse ta har jijiya ta fito alhali fuskar ba ta motsa ba. Sannan ka bi shi bayan gida minti goma bayan an gama, lokacin da abokinsa ke duba masa shatar bulalar, shi kuma ya saki numfashin da ya riƙe. Ba a kunna filasha a nan, tana kashe idon mai duka, kuma tana sanar da kowa cewa ga mai hoto, sai a ƙara ƙarfin bulala dominka.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Kyamara tana ƙara wa faɗa wuta. In ka lura ana kallonka kafin a kai duka, ko wani ya ce "jira mai hoto ya shirya", sauke kyamarar, ka juya baya, ka tafi shan ruwa. Kada ka taɓa cewa mutum ya ɗaga bindiga, ya maimaita naushi, ko ya cire riga don tabo ya fito. Ban da haɗarin, gasa da kamfanonin labarai suna korar hoton da aka shirya. A bikin da ake harbi sama don murna, shiga ƙarƙashin rufin kankare, harsashin da ya hau dole ya sauko.

Ga ma'aunin da ke taimakawa: cikin kowane hoto goma da ka ajiye, kada fiye da biyu su ƙunshi makami, jini ko duka. Sauran takwas su ne aski, alwala, gugar kaki, kiran waya ga uwa, barci a kan gadon angareb da takalmi a ƙafa, layin karɓar magani, wanda aka yanke wa hannu yana koyon ɗaura igiyar wando. Mafi yawan waɗannan suna zuwa ne bayan awa biyu ko uku da zamanka, lokacin da aka gaji da yi maka tsayuwa. Kada kuma a manta da mata. Uwa da mata da ƙanwa sun san abin da namijin ke yi da dare in ya firgita daga barci. Namiji mai hoto ba zai shiga cikin gida ba, don haka aiki tare da mace mai hoto ko mai naɗar murya yana cike rabin labarin da ke ɓace. Ke kuma mai hoto mace, kina da wannan damar, kuma sau da yawa maza sukan sassauta fuska a gabanki fiye da gaban namiji ɗan'uwansu.

Irtikaz da abin da ke cikin waya

A shingen bincike, wato irtikaz, ɓangarorin biyu, soja da RSF, suna duba waya. Goge hoto ba ya fitar da shi: a waya yana zaune a kwandon shara har kwana 30, a katin kyamara kuma ana iya dawo da shi da manhaja ko bayan an yi masa fomat na gaggawa. Kyamarori ba sa kulle kati da lambar sirri. Don haka kowace dare kwashe aikin zuwa kwamfuta ko faifan ajiya da aka kulle da manhajar VeraCrypt, ka yi kwafi na biyu da zai kwana a wani gida, na uku ya hau intanet duk ranar da aka samu layi. Katsewar sadarwa ta Fabrairun 2024 ta nuna cewa layin Zain, MTN da Sudani na iya ɗaukewa makonni, wurare da yawa suka koma sayen awa a intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink. In lokacin ya yi kaɗan, tura zaɓaɓɓun JPEG ashirin tukuna, RAW ya biyo baya.

Kashe GPS a kyamara da waya, domin kowane hoto yana ɗauke da wuri da lokaci a cikinsa. WhatsApp yana cire wannan bayani in ka tura a matsayin hoto, amma yana barin sa in ka tura a matsayin fayil. Manhajar Signal tana da abin dusashe fuska. Kulle waya da lamba, ba da yatsa ko fuska ba. Littafin da ka rubuta sunayen mutane kada ya yi tafiya a jaka ɗaya da hotunansu: ba kowa lamba, makullin lambobin ya zauna wani wuri. A kan kyamarar bar katin da ke da hoton kasuwa da kogi da yara na ƙwallo. In an ce ka ba da kati, ba da shi, kada ka yi gardama da mai bindiga a kan roba.

Jiki da zuciya

Riƙe abin ɗaure jijiya na tsayar da jini guda biyu, a aljihun da kowane hannu zai kai. Ana ɗaura shi santimita 5 zuwa 7 sama da rauni, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jini ya tsaya, a rubuta lokacin. Koyi wannan a hannun ma'aikacin lafiya kafin ranar buƙata. Rory Peck Trust tana taimaka wa 'yan jarida masu zaman kansu da kuɗin horon tsaro, ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ kuma tana da taimakon gaggawa. A Khartum da Jazira, gidajen da aka bari suna da harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, kada ka shiga kango don neman kusurwa mai kyau. Wani amintacce ya san inda za ka da lokacin dawowarka, da wanda zai kira in awa biyu ta wuce shiru.

Mai hoton ma namiji ne ko mace da aka yi wa tarbiyyar "dauriya". In barci ya ƙaurace, ko ƙarar ƙofa tana sa ka zabura, ko ka fara jin rayuwa ba ta da ɗanɗano sai a inda ake harbi, dakata da aikin ka yi magana da wani. Kada ka tace hotunan jini da dare kai kaɗai, yi da safe, awa ɗaya, ka ƙanƙanta su a allo.

Tacewa da cin abinci da sana'ar

Daga hoto 5,000 fitar da 200, daga nan 40. Wanke su ƙanana, ka baza a tabarma, ka kira mutum biyu, ɗaya mai hoto, ɗaya ɗan unguwar da bai san komai game da kyamara ba. Na biyun ne zai ce maka "wannan ai kowa zai gane gidan wane ne, ga bishiyar nim ɗin ƙofarsu". Gyaran haske da launi halal ne, cire abu ko ƙara abu haram: a 2015 World Press Photo ta kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda irin wannan, kuma tana neman asalin RAW. Bayanin ƙasan hoto ya ƙunshi wane, me, ina, yaushe. In ka sauya suna, faɗi cewa ka sauya. Kada ka rubuta sunan ƙabila sai in labarin ba zai fahimtu ba sai da shi, domin a Sudan ta yau kalma ɗaya a ƙarƙashin hoto tana iya tayar da unguwa.

Dogon aiki ba ya ciyar da mai shi a shekarar farko. Masu yin sa suna rayuwa da hoton biki, aikin ƙungiyoyin agaji, da sayar wa kamfanonin labarai irin AFP da Reuters na yau da kullum. Don tallafi, akwai shirin hoton dokumentari na ƙasashen Larabawa da asusun tallafa wa fasahar Larabawa na AFAC ke gudanarwa tare da Magnum Foundation da Prince Claus Fund tun 2014, 'yan Sudan suna shiga, yana ba da kuɗi da malamin da zai bi aikinka. Shiga gasar World Press Photo kyauta ne, ɓangaren dogon aiki yana neman hoto 24 zuwa 30 da aka ɗauka cikin aƙalla shekara uku, amma duba ƙa'idar shekarar da za ka shiga. Shirya hoto 15, bayani na shafi ɗaya da Larabci da Turanci, da kasafin da ya haɗa da kuɗin mota, mai rakiya da magani.

A kwangila, sayar da izinin amfani na wani lokaci da wani wuri, kada ka sayar da mallakar hoton. Ku daidaita hanyar biyan kuɗi tun farko, tura kuɗi kai tsaye daga waje zuwa bankin Sudan yana yawan maƙalewa. Sannan ka sa sharaɗi a rubuce cewa ba za a yanke hoton ba, ba za a sauya bayanin ƙasansa ba, ba za a miƙa shi ga wani kamfani ba sai da saninka, kuma za a sauke shi daga intanet cikin awa 24 in ka sanar cewa ran wanda ke ciki yana cikin haɗari. Editan da ya ƙi wannan sharaɗin na ƙarshe, ba shi hoton da babu fuska a ciki.